Wasa Ɗaya a Ƙofa Goma

Duk wanda ya taɓa bin 'yan tashe yana yaro ya san wani abu game da wasan kwaikwayo wanda ni sai da na shiga jami'a na ji ana yi masa dogon bayani. Azumi ya kai kwana goma, an sha ruwa, an idar da asham, sai yaran unguwa su fito da gemun auduga da tsohuwar riga da gwangwanin kiɗa. A Ƙaura Namoda, inda na yi nawa tashen, mukan shiga gida goma ko fiye kafin a kora mu mu kwanta. Wasan da muka shirya guda ɗaya ne, na tsohon nan mai tafiya da ƙyar. Amma a gidan farko, inda maigida ke zaune a zaure da baƙinsa, tsohon namu mai kamun kai ne: ya yi tari biyu, a miƙa masa abin da ya samu, mu wuce. A gida na huɗu, inda mata suka taru a tsakar gida suka fara shewa tun ba mu buɗe baki ba, sai tsohon ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa, ya ari tafiyar wani dattijon unguwa da kowa ya sani, wasan minti biyu ya koma na minti goma. Gidan da aka yi rasuwa a watan, ko gwangwani ba ma taɓawa. In kuwa muka isa ƙofar marowaci, akwai wani ƙarin zance da babu wanda ya koya mana, babu kuma wanda zai yarda cewa daga bakinsa ya fara fitowa.

Tambayar da ban yi wa kaina ba a lokacin ita ce: a cikin goman nan, wanne ne wasan? Da wani mai bincike ya biyo mu da rikoda ya ɗauki na gida na huɗu, shi za a rubuta a littafi, a koyar a aji, a ce ga yadda ake wannan tashe a Zamfara. Da na gidan farko ya ɗauka, da an ce yaran Ƙaura ba su da armashi. Wannan matsala ta bi tarihin wasan Hausa tun daga dandali har zuwa wayar hannu, kuma a ganina ita ce ta sa muke yawan fahimtar gadon namu a baibai.

Tun kafin Bature ya zo da dakalin wasa da labule, ƙasar Hausa tana da masu sana'ar ba da dariya. Akwai wawan sarki a fada, wanda aka yarje masa ya faɗi abin da waziri zai haɗiye. Akwai wasan gauta, inda matan gidan sarauta ke kwaikwayon sarki da fadawansa. Akwai kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, inda samari ke naɗa nasu sarki da alƙali da 'yan doka. A kasuwa da wurin biki kuma akwai 'yan gambara da 'yan kama, kuma a kansu nake so mu ɗan daɗe, domin su ne suka mai da canji sana'a.

Dabarar ɗan kama, wadda wani Bature mai suna Gidley ya yi nazarinta a wata maƙala ta 1967, ita ce ya ɗauki abin da mutane ke girmamawa ya bar masa rigarsa, ya sauya abin da ke ciki. Yakan ɗauki muryar mai wa'azi da yadda yake jan numfashi, ko karin waƙar wani shahararren makaɗi, ya riƙe su daram, sai dai duk inda ake jiran jin sunan sarki ko wata babbar magana, tuwo za a ji, ko fura, ko tsire. Dariyar tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin abin da kunne ya saba da abin da ya ji. Ke nan in masu sauraro ba su san asalin ba, babu dariya. Wannan kaɗai ya isa ya hana ɗan kama yin wasa iri ɗaya a gari biyu.

A dubi garuruwan arewacin Zamfara. Jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya ratso Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, nan ne kuma ƙarshen dogo. Saboda gyaɗa da auduga, garin ya tara ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kamasho, Kanawa da Yarabawa da Inyamurai da Nufawa. Shinkafi, a kan hanyar Isa da Sabon Birni, ta yi suna da kasuwarta ta Alhamis, wadda fatake ke zuwa har daga Nijar, kuma iskar Gobir ce ke kaɗawa a can. Zurmi, a kan hanyar Jibiya, tsohon gari ne na sarauta da mayaƙa da mafarauta. Tafiyar yini ɗaya ce ko biyu tsakaninsu ga mai jaki, amma kunne uku ne daban.

A ƙaddara mai barkwanci ɗaya ya bi su a mako guda. Tsokanar da ke tsakanin Bagobiri da Bayarabe, wadda al'ada ta halatta, a tashar Ƙaura tana da mai amsawa, domin Bayaraben yana tsaye a wurin zai rama, ramuwar tasa kuma ta shiga cikin wasan. A wani ƙauyen Zurmi babu shi, sai a nemi Bafulatani da Babarbare, ko a koma kan mahauci. Harshe ma haka. A Kano, wanda ya ce "hwaɗi" da "wanga" da "mi kac ce" shi ne abin dariya. A Shinkafi kuwa haka kowa ke magana, wanda ke lanƙwasa harshe irin na Kanawa shi ake kwaikwayo. Waƙar da za a juya ta koma ta abinci ita ma sai an zaɓa: a ƙasar Isa ta Narambaɗa ce kowa ya haddace, a cikin direbobi da 'yan tasha kuwa ta Shata ta fi saurin kama wuta.

Sai kuɗi, wanda masana adabi ba su cika son tsayawa a kansa ba alhali shi ne linzamin wasan. Ɗan gambara yakan tsayar da ido a kan mutum ɗaya a cikin taro, ya fara wasa shi. In ya sa hannu a aljihu, yabo ya ci gaba, a haɗa da ubansa da garinsu. In ya noƙe, sai kalma ta juya, a fara siffanta hularsa da tafiyarsa har sai ya biya ko ya bar wurin. Babu mai iya sanin inda wasan zai bi kafin a fara, ko shi mai yin sa, domin rabin rubutun yana cikin aljihun ɗan kallo.

Na ƙarshe kuma mafi nauyi shi ne haɗari. Habaici ba ya kama suna, shi ya sa yake da daɗi, shi ya sa kuma mai yin sa ke kwana a gida. Ana iya yin maganar wani mai karɓar haraji da tumbinsa ya riga shi shiga zaure, duk kasuwa ta san da wa ake, amma babu abin da za a kai gaban alƙali. Wannan magana in aka kai ta gari na gaba ta mutu, don can ba su san mutumin ba, dole a nemi nasu. In kuma dogari ya ɓullo ta bayan rumfa, maganar nan take za ta koma kan kura ko kan kishiya, mutane su yi dariya sau biyu: ɗaya don zancen, ɗaya don sun ga inda aka karkata. Wanda ya iya wannan karkatawa ba tare da ya yi tuntuɓe ba shi ake kira gwani.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan hali na masu barkwancin kasuwa ne kaɗai. Makaɗan fada, waɗanda muke ɗauka a matsayin ƙololuwar fasahar baka, haka suke aiki. Ibrahim Narambaɗa, haifaffen Tubali a ƙasar Shinkafi ta yau, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, yana da gindin waƙa wanda 'yan amshi ke komawa gare shi, da kuma abin da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ɗalibansa ke kira ɗiyan waƙa. Gindin ba ya motsi. Ɗiyan kuwa ana iya gabatar da wannan, a jinkirta wancan, a ƙara sabo don wani baƙo ya shigo fada, a cire zambon da aka yi wa wani ɗan sarki don yau yana zaune a gefen sarkin. Bakandamiyar da muke ji a rediyo, wadda wasu suka haddace har da inda aka ja numfashi, zama ɗaya ce daga cikin zaman da ba a ƙirga ba. Na sha jin masoya waƙa suna musu a kan wane ɗauka ne na asali idan aka sami biyu da suka saɓa, kowa yana zargin ɗaya da cewa an yi masa ƙari. Haka ma waƙoƙin Kassu Zurmi, wanda ya yi wa mazaje da 'yan tauri har da ɓarayi kiɗa: jerin sunayen da ke cikinsu ya dogara da waɗanda ke raye, da waɗanda ke fili a ranar.

Turawa sai da suka yi doguwar tafiya kafin su gane wannan. A shekarun 1930 wasu Amurkawa biyu, Milman Parry da Albert Lord, suka bi mawaƙan baka a ƙasar Yugoslabiya suna sa mawaƙi ya maimaita waƙa ɗaya a ranaku daban-daban. Mawaƙin zai rantse bai canza ko kalma ba, na'ura kuma ta nuna ya canza da yawa. Lord ya kammala a littafinsa na 1960 cewa mawaƙin bai yi ƙarya ba: a wurinsa waƙar ita ce labarin da hanyoyin gina shi, kalmomin na ranar ne. Su ma nasu wasannin dakali haka suka taso. 'Yan wasan barkwancin Italiya na ƙarni na 16 takardar jerin fitowa kawai suke mannawa a bayan fage, kowa ya cika nasa da baki. Shakespeare da kansa ya sa jarumin Hamlet yana gargaɗin 'yan wasa kada masu ba da dariyarsu su ƙara komai a kan abin da aka rubuta musu, wanda ke nuna cewa suna ƙarawa. Shi kansa Hamlet ɗin ya iso mana ne a bugu uku da suka saɓa wa juna, na 1603 da na 1604 da na 1623.

A ƙasar Hausa, tunanin cewa wasa yana da matani guda wanda ɗan wasa zai haddace ya shigo ne ta makaranta. A shekarun 1930 Rupert East, shugaban hukumar talifi a Zariya, ya fitar da Six Hausa Plays don 'yan makaranta. Malam Aminu Kano ya rubuta nasa wasannin tun yana ɗalibi, yana sukar zalunci da cuta. A 1949 wani ɗan Zamfara, Abubakar Tunau na Mafara, ya fitar da Wasan Marafa, ɗaya daga cikin wasannin farko da Bahaushe ya rubuta aka buga. Shu'aibu Maƙarfi ya biyo da Zamanin Nan Namu da Jatau na Kyallu a wajajen 1959 da 1960. Waɗannan littattafai sun yi babban aiki, ba na raina su. Da babu su da manhajar Hausa ba ta da abin koyarwa a wannan fanni. Amma sun kafa wani ma'auni wanda daga baya aka riƙa auna kowa da shi, cewa wasan kirki shi ne rubutacce, sauran kuwa shirme ne da ake yi da ka.

Abin dariyar shi ne, 'yan wasan da suka fi shiga zuciyar jama'a ba su bi ma'aunin ba. Wasannin rediyo da talabijin na Kaduna da Kano da Sakkwato a shekarun 1970 da 1980 galibi da ƙashin labari ake shiga ɗauka: a gaya wa kowa wane ne shi, me zai faru a wannan fitowa, inda za a tsaya. Sauran daga bakinsa. Usman Baba Pategi, tsohon soja, bai buƙaci wani ya rubuta masa Hausar bariki ba kafin ya zama Samanja. Ƙasimu Yero ma haka. Da finafinan bidiyo suka zo, bayan Turmin Danya na 1990, Rabilu Musa Ibro da abokan camamarsa suka ci gaba da wannan hanya har rasuwarsa a 2014. Bambancin shi ne kyamara ba ta dariya, ba ta hana kuɗi, ba ta da dogari a bayan rumfa. Ana ƙirƙira sau ɗaya, a daskarar, a sayar da kwafi dubbai. Ɗan kallon Zurmi da na Legas abu ɗaya suke gani, kuma babu wanda ya isa ya juya akalar.

Wanda ke son ganin yadda abin yake kafin ya daskare sai ya haura iyaka. A Nijar, zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun riƙa shirya wasanni don gasar matasa ta ƙasa, kuma a wannan zamani ne sunan Yazi Dogo ya cika ƙasar. Wata Ba'amurka, Janet Beik, ta zauna da 'yan wasan Damagaram ta rubuta littafi a kansu a 1987. Abin da ta gani shi ne wasan da ake ginawa a taro ba da takarda ba: a tattauna jigo, a raba matsayi, a yi ta gwaji. Abin da ya ba da dariya jiya a riƙe shi, wanda ya faɗi ƙasa a yar. Wasa yakan yi ƙiba a hannun 'yan kallo kamar ragon layya. Wannan ita ce hanyar ɗan kama, an dai ƙara mata dakali da fitila.

To ina dandalin yake a arewacin Zamfara yau? Akwai masu cewa ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999 ne ya kashe wasa a jihar. Gaskiya ne an rufe gidajen silima, kiɗa da cuɗanyar maza da mata a bainar jama'a kuma sun shiga takura. Amma ban yarda nan ne ƙarshen labarin ba. Takaddama tsakanin malami da makaɗi ta girmi jihar da ƙarnuka, kuma mai barkwanci ya daɗe da sanin yadda ake zama da ita. Ai tashe bai fasa ba. Bidiyo ma ya riga ya fara janye mutane daga fili zuwa ɗaki. Abin da ya fi yi wa wasa illa shi ne abin da ya yi wa noma da fatauci illa. Wasan Hausa yana buƙatar abu uku: dare, da taro, da hanya. 'Yan bindiga sun taɓa dukkansu. Ƙauyen da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe ba ya tara yara a dandali bayan isha'i. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi zuwa Jibiya, waɗanda mai gambara ke bi daga kasuwa zuwa kasuwa, sun zama hanyoyin da ake shiga da addu'a. A shekarar 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya, a ƙoƙarin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya da labari. Ko me mutum zai ce game da amfanin matakin, a makonnin nan babu Alhamis a Shinkafi, babu kuma rumfar da za a tsaya a gabanta a yi wa marowaci zambo.

Idan ana maganar ceto al'ada, abin da aka fi nufi shi ne a ɗauka a ajiye. Ina goyon bayan haka, da ma an yi da yawa tun da wuri. Sai dai mu da muka yi karatun aikin jarida an koya mana neman kwafi mafi kyau, mu watsar da saura, kuma wannan tarbiyya ba ta dace da wannan kaya ba. Sashen Hausa na kowace jami'a, ko ɗaliban sadarwa na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, in za su bi wani tsohon ɗan kama da ya rage, ɗauka ɗaya ba za ta nuna gwanintarsa ba. Sai an bi shi wuri biyar, an rubuta su wa ke zaune, wa ya ba da kuɗi, wa ya hana, me ya faru a garin a makon, a ina ya karkata. Gwanintar tana cikin bambancin da ke tsakanin ɗaukar farko da ta biyar. Ɗauka biyu na waƙar Narambaɗa da suka saɓa sun fi ɗaya mai tsabta daraja, domin a tsakaninsu ne kawai za mu hango mutumin yana tunani.

A azumin bara wani ɗan yayata ya nuna mini tashen da suka yi da abokansa. A cikin gida suka yi shi, da rana, gaban waya. Gemun audugar yana nan, rigar ma kamar tamu. Daƙiƙa arba'in ne, ya kuma ba ni dariya ƙwarai. Na tambaye shi gida nawa suka shiga, ya ce ai ba a barin su fita da dare. Sau uku suka ɗauka kafin ya fito yadda suke so, suka ɗora na ukun a TikTok, biyun farko kuwa ya goge su saboda wayar ba ta da wuri.